Ƙwanƙwasa Biyu a Kan Benci

Ni ce mai riƙe da makullan sito a cibiyar koyar da sana'o'i, shi ya sa duk takardar da ta fito daga ma'aikata sai ta biyo ta hannuna, ko don a nemi ƙusar da za a kafa ta a allon sanarwa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, takardun da na kafa sun fi gashin kaina yawa. Wata ta ce a koyar shekara biyu, wata ta ce a mayar wata tara, wata kuma ta biyo baya tana tambayar wa ya ce a mayar. Mu dai namu ido. Mu karanta, mu yi tsaki, mu koma bakin aiki.

Ta wannan karon ba ta tsaki ba ce. Tun ina laluben guduma idona ya faɗa kan layi na uku. Cewa aka yi daga zango mai zuwa ba wanda zai sake tsayawa gaban aji sai mai shaidar ƙwarewa. Wanda ya koyi sana'arsa a hannu, ba shi da takarda, an yi masa alfarma: za a turo mai jarrabawa rana ɗaya ya gwada shi tare da masu sana'ar cikin gari da ke neman shaidar. In ya ci, ajinsa na nan. In ya faɗi, ya sauka, sai kuma baɗi.

A duk cibiyar mutum ɗaya wannan layin yake nufi, kuma mijin yayata ne.

Kafinta muke ce masa a gida, ɗalibai kuwa Malam. Shekara ashirin da shida yana koyar da aikin katako a ɗakin da ke manne da sitona, har akwai taga tsakaninmu da nake miƙa kayan aiki ta ciki. Kujerun azuzuwa, teburin Shugaba, har allon da nake kafa takardun, duk aikin hannunsa ne. Takarda kuwa ba shi da ko ta allurar rigakafi. Ni kuma a gidansa na tashi. Ina shekara tara mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ta ɗauko ni da ɗan ƙullin kayana, shi kuma bai taɓa nuna mini cewa ba shi ya haife ni ba. Shi ya tsaya kai da fata sai da na yi karatun da ya samo mini wannan aikin. "Auta, ki riƙe takarda da kyau," yake ce mini, "ni na riga na makara."

Ba mai yawan magana ba ne, koyarwarsa ma ba ta baki ba ce. In ya ga ɗalibi zai yi kuskure ba ya tsawa, ba ya ƙwace masa kayan aiki. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa benci sau biyu. Ƙwas, ƙwas. Ma'anarta, tsaya ka duba abin da hannunka zai yi. Ba zai gaya maka mene ne ba, kai za ka nemo da kanka. Duk wanda ya yi wata uku a ajinsa, in ya ji wannan ƙarar, hannunsa tsayawa yake tun kafin kansa ya san dalili. Ni ma da ita aka raine ni. Zan ƙara gishiri karo na biyu a tukunya, ƙwas ƙwas a jikin ƙofa. Zan shirga wa Yaya ƙarya kan inda na tsaya bayan an tashi makaranta, ƙwas ƙwas a hannun kujera, sai ƙaryar ta maƙale mini a wuya. Har na girma ban iya ƙarya a gabansa ba, kuma na sha asara saboda haka.

Da yamma na kai musu labarin. Yaya ta ajiye tsintar waken da take yi, ta dafe ƙirji.

"Jarrabawa? Shi? Da furfurarsa? To su waye za su gwada shi, waɗanda ya koya wa riƙon zarto?"

Kafinta ya gama kurɓar shayinsa, ya ce, "Katako ne dai za su ba ni, ko?"

"Katako ne, Malam."

"To, mene ne na tayar da hankali?"

Bakinsa ne ya faɗi haka, amma jiki magayi. Cikin sati biyun da suka biyo baya mutumin nan ya zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ya cire ƙofar kicin ya mayar da ita sau biyu, ƙofar da ba ta taɓa kuka ba. Ya wasa zartunansa har na maƙwabta. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo ya tambayi ƙarfe nawa. Yaya ta ce in ba a yi jarrabawar nan da wuri ba, rufin gidan zai kwance ya sake. Ni ma ban fi shi ba. A sito na ƙirga guduma goma sha huɗu sau uku, kowane karo lissafi dabam.

Na je na sami Shugaba a ofis, ko sallama ban ƙarasa ba na fara.

"Ranka ya daɗe, teburin nan da ka ɗora gwiwar hannu a kai, wa ya yi shi? Shi ba shaida ba ne?"

"Zauna mana," ya ce. "Kin ɗauka ni daɗi nake ji? Na rubuta musu har sau biyu. Amma ki yi adalci. Akwai cibiyoyin da aka cusa ɗan wane da ƙanin wane a matsayin malamai, mutum bai san kan zarto da gindinsa ba, yara su yi shekara biyu su fita hannu rabbana. Su ake son a tace."

Gaskiya ɗaci gare ta, na san haka ne, don na taɓa ganin irinsu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, rariyar da aka kawo don tsakuwa ita za a zuba tsaba a ciki. Na fito ina karkaɗa makullai kamar su suka yi mini laifi.

Saura kwana uku na karɓo dokokin jarrabawar na zaunar da shi a tsakar gida na karanta masa. Awa uku. Kowa katako ɗaya, in ya ɓata ba a ba da wani. Za a yi ƙaramar kujera mai ƙafa huɗu, haɗi zalla, ba ƙusa. Ba magana, ba leƙen aikin wani, ba ishara kowace iri, wanda aka kama an soke shi.

"Ka ji ko, Malam? Ranar ba malami ba ne kai. Bakinka ƙanin ƙafarka. Ko ka ga mutum zai yanke yatsansa, ba ruwanka."

"Haba, Auta, har da yatsa?"

"Har da hannun gaba ɗaya. Idonka a kan katakonka."

Yaya ta ce, "Baki dai ba matsala, shekara talatin ina neman ya buɗe shi ban samu ba."

Muka yi dariya, har da shi. Mun ɗaure baki, mun ɗaure ido, muka kwanta muna ganin mun gama shiri.

Ranar ta zo da zafi tun da safe. Mutum goma sha biyu ne za su zauna, biyar daga cikinsu ta ajin Kafinta suka bi a shekarun baya, yanzu kowa da shagonsa da iyalinsa. Suna shigowa suka riƙa rusunawa suna gaishe shi, shi kuma yana kawar da kai kamar mai jin kunya. Wanda bencinsa ya faɗo kusa da nasa shi ne Gajere, mai shago a bakin tasha, 'ya'ya biyar, gemu ya fara fari. Shaidar yake nema don yanzu ba a ba da aikin kujerun makaranta sai ga mai ita. Gajere hannunsa na da kyau, sai dai yana da ciwo ɗaya tun yana ɗalibi: in ya ja layi ya ga ba daidai ba, ba ya gogewa, sai ya ja wani kusa da shi, wai zai tuna.

Mai jarrabawar wani dattijo ne siriri da agogo rataye a wuya, nan take muka sa masa Mai Agogo. Ba shi da wulaƙanci, sai gajiya. Ya ce cibiya uku ke jiransa cikin satin. Na miƙa wa kowa ta taga katakonsa da zarto da cizal na sassaƙa da sukwaya mai auna kusurwa, na jingina a wurin, don dai ba zan iya zama ba. Ya danna agogo, ɗakin ya kaure da ƙarar zarto.

Kafinta ya ba ni mamaki. Kansa a ƙasa, ko tari bai yi ba. Ya juya katakon, ya shafa shi, ya auna, ya ja layukansa ɗaya bayan ɗaya. Awa guda ta wuce, har na fara sakin numfashi, ina ce wa kaina ashe tsoron banza muka yi.

Daga tagar nake hango bencin Gajere. Ya yanke ƙafafu uku, saura ta huɗu, kuma a kan guntun da ya rage masa layi biyu ne kusa da juna. Gumi na zuba masa a ido. Ya share, ya ɗora zarto a kan layin farko, wanda ya yi kuskure. In ya ja, ƙafar za ta gaza, kuma ni na san ba wani katako a sito da zan ba shi. Na kalli Kafinta. Wallahi kansa bai ɗago ba, wutsiyar idonsa ce kawai ta kai can. Hannunsa na dama na riƙe da fensir, na hagu na kan benci.

Ƙwas, ƙwas.

Hannu biyar suka tsaya cak. Ƙarar ɗakin ta ragu da rabi kamar an ɗauke wuta. Maza biyar, kowa ya ƙura wa aikinsa ido yana neman inda ya kauce. Gajere ya duba, ya zaro ido, ya ɗage zarton ya mayar kan layi na biyu. Kafinta kuwa yana ta auna katakonsa, bai ma san ya yi komai ba, sai da shirun ya kai kunnensa. Na ga ya kalli hannunsa na hagu kamar na wani ne aka ɗora masa. Mun manta da yatsa.

Mai Agogo ya ba da baya ne lokacin, yana duba aikin wani a ƙarshen ɗaki. Ya juyo ya tarar da mutum biyar a sandare. Ya danna agogo.

"Kowa ya ajiye kayan aiki. Wannan ishara ce. Na taɓa ganin ta tari, na ga ta fito da baki, yau ga ta ƙwanƙwasa. Wa ya yi?"

Su biyar ɗin sun sani sarai, amma kowa ya sunkuyar da kai.

"To, doka a fili take. In ba a san mai isharar ba, duk wanda ya amsa ta an soke shi. Kai, da kai, da kai, da ku biyun nan."

Na ga Kafinta ya fara gyara tsayuwa, na san abin da zai biyo baya. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ya riga shi.

"Ni ce, ranka ya daɗe! Kwaɗon sito ne ya ƙi buɗuwa, na buga shi a jikin taga. Su kuma sun firgita ne, sun ɗauka lokaci ya cika."

Ya zo ya tsaya a gaban tagar, ya dube ni, ya dubi kwaɗon da ke hannuna.

"Ke ma'aikaciya ce a nan?"

"Eh."

"To, ki rubuta abin da kika faɗa a nan, ki sa hannu. Amma ki sani, takardar nan ma'aikata za ta, kuma in aka gano ba haka ba ne, aikinki ne a kai."

Ya miƙo takarda da biro. Na karɓa, zuciyata na cewa aikin banza, shekara goma sha ɗaya ta ƙirga guduma, a kai kasuwa. Na ɗora bakin biron a kan takardar.

Ƙwas, ƙwas.

Hannuna ya tsaya. Wallahi ban tsayar da shi ba, shi ya tsaya, kamar ina 'yar shekara tara a tsakar gidan Yaya. Wannan karon ɗakin shiru yake, kuma kowa ya ga yatsan da ya yi.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Kafinta. "Ta farkon ban san na yi ba. Ta biyun na sani. Waɗannan bayin Allah ba su roƙe ni komai ba, ban kuma gaya wa kowa komai ba. Sabo ne, shekara da shekaru da ita nake koyarwa. Ita kuma yarinyar nan, a karɓe biron daga hannunta, rikicewa ta yi."

Mai Agogo ya daɗe yana kallonsa. Ya zare takardar daga hannuna a hankali, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Malam, ka san abin da zan rubuta."

"Na sani, an karanta mini. Alfarma ɗaya nake nema. A bar ni in ƙarasa kujerar, katakon bai yi laifi ba."

Aka bar shi. Sauran suka ci gaba, Gajere yana yanka yana share ido da kafaɗa. Saura minti ashirin Kafinta ya ajiye kujerarsa a ƙasa, ya share bencinsa, ya jera kayan aiki ya miƙo mini ta taga ba tare da ya kalle ni ba. Mai Agogo ya auna kujerar ta kowane ɓangare, ya girgiza ta, ya zauna a kai, ya tashi. Ya ce, ƙasa-ƙasa, tun da ya fara yawon nan bai ga haɗi irin wannan ba. Sannan ya buɗe takardunsa ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ce ba gurbin da zai rubuta hakan.

A hanyar gida na sauke masa kwandon faɗa, tun daga bakin ƙofar cibiya har wurin jiran mota, mutane na waiwayenmu.

"Ni na ce ka tsayar da ni? Da ka yi shiru minti ɗaya, da yanzu an gama! Shekara ashirin da shida ka zubar saboda ƙafar kujerar Gajere!"

"Ta Gajere kuskure ce, na yarda."

"Tawa fa?"

"Taki takardarki ce, Auta. Ni na ce ki riƙe ta."

Sai na fashe da kuka. Haushinsa nake ji, ina kuma jin kamar in durƙusa a titin in riƙe ƙafarsa. Yaya da ta ji, sai ta zuba masa abinci, ta koma kicin ta rufe ƙofar nan da ya gyara sau biyu, muna jin shesshekarta.

Sakamako ya fito, mutum bakwai suka ci, har da Gajere. Da zango ya zagayo cibiya na neman mai shaida da zai riƙe ajin katako, shi aka kira. Ya zo gida ya zube a gaban Kafinta yana rantsuwa ba zai karɓa ba. Kafinta ya ce masa in bai karɓa ba ɗan wane za a kawo, ya tashi ya je, kuma ya sayi abin goge fensir.

Sati na uku da komawa, da safe, wata takarda ta zo daga ma'aikata. Na karanta ta a tsaye. An sake duba tsarin, an ga jarrabawar rana ɗaya na da matsaloli, don haka an soke ta daga baɗi. Mai son shaida sai ya shiga aji shekara biyu, kuma kada ya wuce shekara arba'in da biyar, shekarun da Kafinta ya daɗe da wucewa. Na nemo ƙusa na kafa ta a allon da ya yi da hannunsa, na bugi babban yatsana da guduma, ban ma ji zafi ba sai daga baya.

Ina komawa sito ina juya yadda zan gaya masa, sai na ji ta bayan taga. Ƙwas, ƙwas. Makullai suka zube daga hannuna. Na leƙa da sauri, zuciyata na cewa ya dawo. Gajere ne tsaye a kan wata ɗaliba da ta ɗora zarto a karkace, yana kallon yatsansa da mamaki. Hannu ashirin sun tsaya.

Da yamma na tarar da Kafinta a tsakar gida a kan kujerarsa, hannuwansa ba komai, abin da ban saba gani ba. Na ba shi labarin Gajere, don shi ne mai sauƙin faɗa.

"Sun tsaya?" ya tambaya.

"Sun tsaya."

"Dukansu?"

"Dukansu, Malam."

Ya gyaɗa kai, har ya ɗan yi murmushi. Can ya ce, "To, Auta, in takardar jarrabawar baɗi ta fito, ki kawo mini da wuri. Wannan karon yayarki ta ce aljihu za ta ɗinke mini hannun hagu a ciki."

Na kalle shi, na kalli Yaya da ke bakin kicin tana dariya. Na ce, "To, Malam. Da ta fito zan kawo."

Na tsaya ina jira. Ya dube ni, irin duban da ya saba yi mini tun ina ƙarama, na kuma tabbata ya gane. Yatsansa na kan hannun kujera, a lanƙwashe. Bai motsa ba. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah a kama ni da ƙarya ba sai ranar.